Madugun da Yaya Ta Ɗinka

Yayata tela ce, kuma idan za ka kai mata ɗinki to ka ajiye ƙarya a bakin ƙofa. Na sha ganin mace ta shigo tana haɗiye ciki, tana riƙe numfashi don tef ya faɗi abin da ranta yake so, sai Yaya ta rataye tef ɗin a wuya ta koma kan keke. "Idan kin gama shaƙe kanki ki faɗa min, sai mu auna." Haka take, ba ta da gyara. Shagonta yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai kemis. Gaban shagon ƙunci gare shi, mutum uku suka tsaya an cika, amma ta baya akwai ɗaki mai dogon teburin yanka, wanda katakonsa ya yi santsi saboda yadin da ya bi ta kansa. Da wannan teburin ta ciyar da ni bayan rasuwar mahaifinmu, da shi ta riƙe ni har na zama ticha. Har yau idan na ɗaga mata murya sai ta tuna min cewa ita ta ɗinka min wandon makaranta na farko, kuma ita ta riƙa wanke shi idan na jiƙa.

Ranar da ba ta buɗe shago, teburin yanka namu ne. Muna yin wani wasa da na koyo tun ina kwaleji, wasan labari na kan tebur. Ga wanda bai sani ba: mutum ɗaya ne ke riƙe da labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ya tunkaro, wannan aikina ne. Sauran kowa da jaruminsa, kowane jarumi kuma da sana'arsa, ko mayaƙi, ko maharbi, ko mai magani. Littafin wasan ya rubuta abin da kowace sana'a ta iya da abin da ya fi ƙarfinta. Idan jaruminka zai yi abu mai haɗari sai ka jefa ƙwayar ludo, irin mai fuskoki da yawa, lambar da ta fito ita ke yanke hukunci. Ba caca ba ce, kada wani ya ɗauko min wa'azi. Ba a sa komai, abin da ake ci kawai shi ne fuskar juna.

Mu huɗu ne a teburin. Akwai Mai Kemis, maƙwabcin Yaya, matsoraci na ƙarshe, wanda maharbinsa bai taɓa shiga faɗa ta gaba ba. Akwai babbar 'yar Yaya, wadda muke kira Nas saboda aikinta, ita kuma ta ɗauki mai magani, ko a wasa ba ta huta da ɗaure rauni. Sai mijin Yaya, Gingimari.

Sunan ya samo shi ne daga babbar motar da ya yi shekaru yana ja, kuma ya dace da shi ciki da waje. Ƙato ne, murya kamar ana sauke duro. Mayaƙi yake riƙewa, kuma babu jifar da zai yi bai yi gardama ba. Idan lamba ta yi kyau, gwanintarsa ce. Idan ta ɓaci, tebur ne ya karkace, ko Mai Kemis ne ya yi masa tari a kan hannu. Na sha cewa na daina riƙe labari saboda shi, amma gaskiyar magana ba shi ba wasan. Ita kuwa Yaya ba ta taɓa zama da mu ba. Tana kusurwa da kalmasa a cinya, tana ce mana manyan banza, alhali babu abin da ke wuce kunnenta.

Ciwon suga ne ya taɓa masa ido. Da farko ya ajiye tuƙi, daga baya lambobin ƙwayar ludo suka ɓace masa, daga nan fuskokinmu ma suka zama inuwa. Nas ta koma kusa da shi tana karanta masa. Ya jefa, ta leƙa, ta ce, "Baba, ta yi kyau," ko "Baba, ba ta yi ba." Ya yi ta maza na ɗan lokaci. Amma gardamar ta mutu, don ba ka gardama da abin da ba ka gani ba. Wata rana ya jefa, kafin Nas ta buɗe baki ya ɗaga mata hannu.

"Bar shi. Mutumin da ko sa'arsa sai an karanta masa, me ya zo yi a nan?"

Ya nemi sandarsa, Nas ta raka shi gida. Bai sake zuwa ba.

Ba teburin kaɗai ya bari ba. Ya shige ɗaki da rediyo, ya saki labule, abokan tuƙi su zo ya ce a ce yana barci. Mu muna ganin yana nan dai yadda yake, amma Yaya tela ce, hannunta ba ya ƙarya. Ta rage masa ƙugun wando, ba a jima ba ta sake ragewa. Da ta ɗauko wandon a karo na gaba ta ga babu sauran inda za ta kama sai ta haɗe aljihu da aljihu, sai ta aiko a kira ni daga makaranta.

Na same ta da tabarau a hanci, ta ture yadin mutane gefe. "Kawo min littafin nan naku."

Na kawo. Ta bi shi shafi-shafi tana tsuke baki, kamar tana duba ɗinkin wani tela.

"Wa ya ce sai waɗannan sana'o'in kaɗai?"

Na ce littafi ne ya ce.

"Shi littafin daga sama ya faɗo?"

Na yi mata bayani cewa mutane kan ƙirƙiri tasu, ba haramun ba ne, amma aiki ne mai cin rai. Idan sana'ar ta yi ƙarfi da yawa, sauran 'yan tebur sun zama 'yan kallo. Idan ta yi rauni, mai ita ya zama kaya, sai an ɗauke shi. Dole ta zauna daidai da sauran, ba sama ba ƙasa.

"Awo ke nan," in ji ta. "Ka ce min awo mana, kake ta zagaye-zagaye."

A nan ta fara. Ta ce ba mayaƙi za ta yi masa ba, madugu za ta yi masa, mai jan ayari, wanda ya san hanya, ya san inda ruwa yake, yana jin ƙanshin haɗari kafin a kai gare shi. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan titi, in ji ta, ba sai an koya masa wannan ba. Kuma Madugu ba ya jefa ƙwayar ludo. Ta janyo wani tsohon gwangwani da take tara maɓallai a ciki tun zamanin mahaifiyarmu, ta zube su a tebur ta ware kashi uku. Mai rami huɗu, abu ya yiwu. Mai rami biyu, ya yiwu amma da ciwo. Mai ƙafa, wato wanda ba shi da rami sai ɗan kunne a bayansa, abu ya ɓaci. Za a zuba su a jaka, ya ciro ɗaya, ya shafa da yatsa ya faɗa mana da bakinsa.

Na ce, "Yaya, wanda zai iya karantawa da yatsa ai zai iya zaɓa da yatsa. Ya sa hannu ya lalubo mai huɗu, wa zai hana shi?"

Ta harare ni, don ba ta son a riga ta ganin kuskure. Washegari ta ɗinko jaka ta yadin kaki mai kauri, da wuya siriri wanda yatsa ba ya shiga. Sai dai ka girgiza ka kifa a tafin hannu, maɓalli ɗaya ya faɗo. Ta ƙara wa Madugu wata baiwa da ta sa wa suna ɗaukar fasinja: idan jifar wani ta ɓaci, Madugu zai iya cewa ya ɗauke shi, wancan ya tsira, abin da ya faɗo daga jaka kuma a kan Madugu yake. Wallahi na yi mamaki. Matar da ke ce mana manyan banza, ashe duk shekarun nan ta fi mu sanin inda wasan ke ɗingishi.

Da lallashi da gori ta fito da shi. Ya zauna a tsohon wurinsa, rigarsa na yi masa yawa a kafaɗa. Na fara labari, ayari ya iso mararraba, na ce Madugu ya zaɓi hanya. Ya girgiza jaka, ya kifa, ya shafa. Na ga fuskarsa ta buɗe.

"Huɗu," ya ce. "Ku biyo ni."

Nas ta juya baya tana share ido.

Matsalar ita ce, huɗun ba ta daina zuwa ba. Ya tsallake rami, huɗu. Ya yaudari 'yan fashi, huɗu. Ya ɗauki Mai Kemis fasinja, ya ɗauki Nas, duk huɗu, ko ƙwarzane babu. A zama na gaba ma haka. Mai Kemis ya fara danna waya a ƙarƙashin tebur, don maharbinsa ba shi da aikin yi. Ni kuma duk dodon da na ƙulla da daddare a raina, kafin ya gama buɗe baki Madugu ya kewaye shi. Muka riƙa tafi muna yabo, muryoyinmu na yin sama fiye da kima, irin yadda ake yi wa yaro mai koyon tafiya. Kuma Gingimari, mutumin da ke gardama da tebur, ya yi tsit.

A tsakiyar wani zama ya ce a dakata. Ya nemi almakashi. Yaya ta ce me zai yi da shi, ya ce ta ba shi kawai. Ya laluba gindin jakar ya farke ɗinkin, maɓallai suka zube a tebur. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a hankali, yana warewa. Tarin masu huɗu ya yi tudu. Masu biyu 'yan kaɗan. Mai ƙafa kuwa guda ɗaya tak, shi ma ƙato ne na kwat, wanda da ƙyar zai bi ta wuyan jakar.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya juya fuskarsa wajen kusurwar da ya san tana zama.

"Tela, har da ke?"

Ta sunkuyar da kai kan kalmasar da ke cinyarta.

"Na ɗauka wasa aka kira ni. Ashe jinya ce."

Ya miƙe, ya ƙi hannun Nas, ya bi bango da sandarsa har ya fita.

Ban taɓa ganin Yaya haka ba. Ta zauna gaban maɓallan kamar an zare mata laka. Can ta ce, "Shekara nawa ina zagin mata a kan haɗiye ciki, yau ga shi ni na haɗiye wa mijina." Ta ce tausayi ne ya riƙe mata tef, kuma tela mai tausayi buhu yake ɗinkawa. Na buɗe baki zan rarrashe ta, ta ce in rufe, in je in kira mata Mai Kemis.

Daga nan aiki ya koma na gaske. Duk lokacin da kasuwa ta lafa da rana, sai ta kulle gaban shago mu shige baya. Ita ke riƙe Madugu, ta ɗaure idonta da ƙyalle don ta ji abin da zai ji. Ni ina jefo mata haɗari, Mai Kemis yana lissafi a bayan kwalin magani yana gyara tabarau. Ta raba maɓallan rabi da rabi, Madugu ya mutu tun kafin ayari ya fita ƙofar gari. Ta rage masu ƙafa, ya koma sarki. Ta ƙara masu biyu, ya zama gurgu mai yawo da ciwo, ba ya mutuwa ba ya jin daɗi. Kowane gwaji ba ta ɗinke gindin jakar, sai ta kama shi da fil, don ta ce ba a datse yadi sai an ga riga a jiki. Wata rana matar mai gyaran waya ta leƙo karɓar ɗinkinta, ta tarar da tela da ido a ɗaure tana girgiza jaka tana cewa ta faɗa rijiya. Matar ta koma da baya ba sallama.

Abu na farko da ta yanke shi ne takobi. Ta ce Madugu ya san hanya amma bai iya faɗa ba, idan aka yi arangama dole ya fake bayan maharbi da mai magani. Mai Kemis ya ji daɗin wannan har kunnensa, don a karon farko wani zai ɓuya a bayansa.

Na biyu shi ne ya ɗauke ta lokaci. Ta ce abin da ke damunta, jaka ba ta da tarihi: ka ciro ka mayar, ka ciro ka mayar, ba abin da mutum zai riƙe a kansa ya yi dabara da shi. Tana cikin ɗinka wa wata riga hannu ta tsayar da keke.

"Tanki," ta ce. "Tankin mai."

Wato duk maɓallin da ya faɗo ba ya komawa jaka. Yana nan a tebur gaban Madugu har sai ayari ya ya da zango ya huta. Idan masu huɗu suka fito da yawa da farko, to abin da ya rage a ciki mugu ne, kuma Madugu ya sani, don yana shafa na tebur ya gane na jaka. Hutu kuma ba kyauta ba ne, duk zangon da aka yi abin da ke bin ayari yana ƙara matsowa. Sannan babu mai cewa a tsaya ko a wuce sai Madugu.

Mai Kemis ya ajiye biro. "Hajiya tela, ai kin sake ba shi mulki. Duk mai hankali zai riƙa hutawa da wuri, jakarsa kullum a cike."

Yaya ta kwance ƙyallen idonta ta dube shi. "Mai hankali ka ce. Kai ba ka taɓa tura mota da goyo a bayanka ba, gidan mai yana kallonka kana kallonsa. Ni na tura. Mun wuce gidan mai ya fi a ƙirga, ina cewa ka tsaya, yana cewa ya san motarsa. Wannan mutumin bai taɓa tsayawa ba sai allura ta kwanta. Ku bar masa zaɓin, shi zai rage wa kansa ƙarfi."

Muka gwada da ita, muka gwada da ni, muka gwada da Mai Kemis. A hannun Mai Kemis, Madugu ya yi ta zango har 'yan fashi suka cim mana muna barci. A hannuna ya kai da ƙyar. A hannun Yaya, da take kwaikwayon taurin kan mijinta, wani lokaci ya kai, wani lokaci ya halaka. Ta ce to yanzu ya zauna.

Saura fito da mutumin, kuma wannan karon ba ta lallashe shi ba. Ina wurin, don ni na riƙe mata gwangwanin. Ta ɗaga labulen ɗakin, ta kashe rediyo, ta zube maɓallan a kan tire ta ɗora masa a cinya. Ta faɗa masa dokokin tiryan-tiryan, har da batun takobi, ba ta sassauta ko ɗaya ba.

"Ka shafa da kanka, ka zuba da kanka. Zan ɗinke gindin hannunka yana kai."

Ya ce ba ya so.

"To shi ke nan. Da ma Mai Kemis ya ce ɓata zare nake yi. Ya ce da wannan jakar ko rabin hanya ba za ka kai ayari ba."

Yatsunsa suka fara motsi a kan tiren. Ya tarar da mai ƙafa, ya tarar da wani, ya tarar da wani kuma, duk daidai girman sauran.

"Ke ba ki da imani," ya ce a hankali. Sannan ya ɗago. "Mai Kemis ne ya faɗi haka? Da bakinsa?"

Mai Kemis bai taɓa faɗa ba, amma ban ga dalilin tsoma baki a maganar mata da miji ba.

Ranar wasan na shirya musu labari mai zafi. Ayari ya kwaso mutanen wani ƙauye da aka ƙone, mahara na biye da su, tsira kuma sai an ƙetare wani kogi ta gadar igiya. Gingimari ya jera hannuwansa a tebur kamar yana riƙe da sitiyari. Ya kifa jaka, huɗu. Ya sake, biyu, Madugu ya gurɗe ƙafa a duwatsu. Ya sake, mai ƙafa ta faɗo, ya kai ayari wata rijiya da ta ƙafe. Ya yi tsaki mai ƙarfi ya ce taswirata ce ba ta da kyau. Na dubi Nas, ta dube ni. Tsakin nan mun yi kewarsa.

Da mahara suka tare mu a wani kwazazzabo, ya ja Madugu bayan maharbi yana ba da umarni. "Harba mana, malam, ko sai na rubuto maka takardar likita?" Mai Kemis ya harba, jifarsa ta yi kyau, ya kori maharan, ya zauna yana huci kamar da gaske ya yi. Bayan nan Gingimari ya ba mu mamaki, ya ce a ya da zango. Maɓallai suka koma jaka. Daga kusurwa Yaya ta ce, "Ikon Allah, tsufa ya fara aiki."

Amma hali ba ya tafiya da nisa. Daga zangon zuwa kogi sa'a ta yi ta bin sa, huɗu na bin huɗu, suna taruwa a gabansa. Nas ta dubi tarin ta ce, "Baba, jakar nan ta zama guba. Mu huta kafin gada."

"Mahara na bayanmu."

"Kawu ya ce da ɗan nisa."

"Na san jakata."

Yaya ta ajiye kalmasar da ke hannunta.

Mutanen ƙauye suka ƙetare, mai magani ta ƙetare. Saura maharbi da Madugu. Mai Kemis ya jefa ƙwayarsa don bin gadar, ta yi ta juyi ta tsaya a kan mafi munin lamba. Na ce katako ya karye a ƙarƙashinsa, yana lilo da hannu ɗaya a kan ruwa. Mai Kemis ya cire tabarau, ya fara yi wa maharbinsa bankwana, jarumin da ya yi shekaru yana ɓoyewa daga mutuwa.

Gingimari ya shimfiɗa yatsu a kan maɓallan da ke gabansa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya fi kowa sanin abin da ya rage a ciki.

"Na ɗauki fasinja."

"Yallaɓai, bar ni in tafi," in ji Mai Kemis. "Lissafin bai ba ka ba."

"Ban taɓa barin fasinja a hanya ba. Ticha, ya ƙetare ko bai ƙetare ba?"

Na ce ya ƙetare, doka ce. Madugu ya cafko shi ya wurga shi tudu. Saura abin da jaka za ta ce.

Ya girgiza ta, ya kifa a tafinsa, ya dunƙule hannu. Babu wanda ya ga abin da ya faɗo. A duk ɗakin nan mu masu ido ne muke jira a karanta mana. Ya daɗe yana murza shi a cikin hannu, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sannan ya buɗe ya ajiye a tsakiyar tebur. Mai ƙafa ne.

Labari a hannuna yake. Ina iya cewa akwai reshen bishiya a ƙasa, ko wani dutse, ko masunci da kwalekwale. Har reshen ya zo min baki. Na ɗaga kai na ga Yaya tana kallona ta saman tabarau, da almakashi a hannu.

Na ce, "Igiya ta tsinke. Madugu ya faɗa, kogi ya tafi da shi."

"Ba reshe?" in ji Gingimari. "Ba komai?"

"Babu komai, Gingimari. Ya mutu."

Sai Gingimari ya ɗaga hannu ya daki tebur, maɓallai suka yi tsalle. Dariya ce ta fito, irin tasa ta da, wadda ke sa gilashin shago rawa.

"Ni? Ni zan mutu saboda mai sayar da maganin tari?"

Daga nan bakinsa bai sake rufuwa ba. Wane sakarai ne ya ɗaura gadar? Me ya sa ban faɗa masa igiyar ta tsufa ba, alhali Madugu na jin ƙanshin haɗari? Maharbi me ya ci ya yi nauyi haka? Mai Kemis ya rama, Nas ta shiga, ni ma na ɗauko littafi ina kare kaina, aka yi ta yi ba mai jin wani. Amma ya tsaya a tsakiya ya tambaya, mutanen ƙauyen duk sun ƙetare? Na ce duk, har awakinsu. Ya gyara zama ya ce to a rubuta.

Ban ga fitar Yaya ba. Na same ta a gaban shago, zaune a kan keke ba ta taka shi, hawaye na bin fuskarta ba ta ko sharewa. Na tsorata na ce ko hukuncin ya yi tsauri.

"Kai dai sakarai ne," ta ce. "Ba ka ji shi ba? Baƙin halinsa ya dawo gaba ɗaya. Ban taɓa jin daɗi irin na yau ba."

Daga ciki muryarsa ta taso. "Tela, zo nan. Jakar nan taki muguwa ce. Ki cire min masu ƙafa biyu."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta gyara murya, ta shiga ta tsaya a kansa.

"Ko ɗaya ba zan cire ba. Na ce maka ka huta, 'yarka ta ce ka huta, ka ce ka san jakarka. Ka mutu, ka haƙura, ka dawo mako mai zuwa."

Yana ta tattara maɓallan da gefen hannu yana cusa su ta wuyan jakar ɗaya-ɗaya, har da wanda ya kashe shi.

"Wa ya ce miki sai mako mai zuwa? Ticha, zauna. Madugun nan yana da ƙane."

Na ja kujera na zauna.